Kwamfuta Tana Kwaikwayon Halinmu: Ta San Gwarzo Da Kabo Kuwa?

A shekarar 2016 waɗansu masana uku suka buga sakamakon wani bincike wanda labarinsa bai iso kasuwanninmu ba, ko da shi ke mu ya shafa. Biyu daga cikinsu, Kevin McCarthy da Guillaume Chabot-Couture, ma'aikatan wata cibiyar lissafin cututtuka ne a Amurka. Na ukunsu kuwa ɗan ƙasar nan ne, Dokta Faisal Shuaib, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Abin da suka yi shi ne, sun gina Jihar Kano a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Suka shimfiɗa taswirar jihar, suka cika ta da mutane na lissafi, waɗanda ake haifa, suna girma, suna tafiya daga wannan gari zuwa wancan, a yi wa waɗansu rigakafi, a tsallake waɗansu. Sa'an nan suka saki ƙwayar cutar shan inna a tsakaninsu, suka zuba ido su ga inda za ta bi.

Tun da shi ke Gwarzo da Kabo suna cikin Jihar Kano, ke nan mu ma an sa kwatancinmu a cikin na'urar, ba tare da yawancinmu mun sani ba. Irin wannan aiki kuwa sai ƙaruwa yake yi. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji na duniya suna ƙara dogara gare shi wajen shirin annoba, da ambaliya, da cunkoson jama'a, da gudun hijira. Daga abin da na'ura ta faɗa ake yanke shawarar inda za a kai magani da inda za a kafa sansani. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, da inda ya yi amfani, da inda ya gaza, domin in an yi kuskure a lissafin, a jikinmu zai bayyana.

Yadda abin yake aiki

Ba sihiri a ciki. Masana suna ƙirƙirar mutane dubbai ko miliyoyi a cikin kwamfuta, su ba kowane ɗaya shekaru, da gida, da 'yan ƙa'idodi kaɗan na hali. Misali, a ce wa wannan: kai manomi ne, kana zuwa kasuwa sau ɗaya a mako. A ce wa waccan: ke uwa ce, in masu rigakafi sun zo sau goma za su tarar da ɗanki a gida sau bakwai. Daga nan sai a jefa musu masifa, a sa kwanaki su riƙa wucewa da sauri, abin da zai ɗauki shekara a kammala shi cikin ɗan lokaci. A maimaita sau ɗari ko sau dubu, kowane karo a sauya wani abu kaɗan: yau a rufe kasuwa, gobe a bar ta a buɗe; yau magani ya iso da wuri, gobe ya makara da mako biyu. A ƙarshe a duba a ga wace shawara ce ta fi ceton rai a mafi yawan lokuta.

Watau abin atisaye ne, irin wanda soja suke yi kafin ranar yaƙi, sai dai a nan ba a zubar da jinin kowa. Amfaninsa a fili yake, gama ba wanda zai saki cuta a cikin Getso domin ya gwada ko rufe kasuwa yana da amfani. Amma rauninsa ma a fili yake. Mutumin da ke cikin na'ura ba ya yin kome sai abin da aka gaya masa ya yi. In wanda ya rubuta ƙa'idodin bai san halinmu ba, to, wata jama'a dabam ya gina, ya sa mata sunanmu. Wanda ya zuba ƙaiƙayi a injin niƙa ba zai kwashi gari ba.

Abin da aka gani a shan inna

Dalilin da ya sa aka nemi taimakon na'ura a kan shan inna shi ne, cutar tana da ɓoyo. A cikin yara kamar 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa. Sauran suna yawo lafiya lau, suna yaɗa ta. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta shanye a Jihar Kano an same shi a Ƙaramar Hukumar Sumaila cikin watan Yuli na 2014. Bayan wannan sai shiru. To, shirun nan na ƙarewar cuta ne, ko kuwa na ɓuya ne? Ido ba zai iya faɗa ba. Masanan nan uku suka daidaita na'urarsu har ta riƙa ba da tarihin cutar kamar yadda ya faru a jihar cikin shekarun baya, sa'an nan suka sake ta ta ci gaba. Amsar da ta bayar ita ce, ya zuwa ƙarshen 2015, yiwuwar cewa cutar ta ƙare a Kano ta haura kashi 90 cikin 100. Lokaci ya gaskata ta. Ba a sake samun ainihin ƙwayar a Kano ba, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da shi ke wani nau'i dabam ya ci gaba da bayyana a arewa maso yamma, shi ya sa masu ɗigon rigakafi ba su daina zagaye ba.

Amma akwai abubuwa uku a cikin labarin nan da ya kamata mu lura da su.

Na fari, a watan Agusta na 2016, bayan shekara biyu da ƙasar nan ta yi ba a ji ɗuriyar cutar ba, sai ga ta a Jihar Borno, a jikin yara biyu daga Gwoza da Jere. Da aka bincika ƙwayar, aka gane ta yi kusan shekara biyar tana yawo ba a sani ba, a wuraren da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga. An ɗauki shirun Borno a matsayin lafiya, alhali kuwa shirun rashin mai kai labari ne.

Na biyu, kafin lissafi ya yi amfani sai da aka gyara taswira. Shekara da shekaru masu rigakafi suna aiki da zanen hannu. Daga wajen 2012, da aka shiga amfani da hotunan tauraron ɗan adam, aka kuma ba masu zagaye wayoyi masu nuna inda suka taka, sai aka tarar da unguwanni da rugage masu yawa a arewa waɗanda ba sa cikin taswirar kowa. Yaran wuraren nan ba ƙin rigakafi iyayensu suka yi ba. Ba a san da zamansu ba ne.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, babban abin da ya juya tarihin shan inna a Kano hali ne na mutane wanda ba a rubuta shi a cikin kowace na'ura ba. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa, har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a Yuli na 2004. Cikin wannan tsakani da bayansa cutar ta tsallaka daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20. Tsoron kuwa yana da tushe. Mutane ba su manta da 1996 ba, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Cikin yara kamar 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye da gwamnati suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2009. Wanda bai san wannan tarihi ba, ba zai gane dalilin da ya sa uwa take ɓoye ɗanta a bayan rumbu ba. Abin da ya komo da amana kuwa sarakuna ne, da malamai, da matan unguwa masu bin gida gida, da waɗanda cutar ta shanye su da kansu, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. An biya tsada a kan wannan, gama a Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birnin Kano.

Gargaɗin da bai cika ba

A watan Satumba na 2014, sa'ad da cutar Ibola take cin Afirka ta Yamma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da lissafi mai tayar da hankali. Ta ce in ba a sauya kome ba, waɗanda za su kamu a Laberiya da Saliyo za su iya kaiwa miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairu na 2015. Da annobar ta ƙare, jimillar waɗanda aka rubuta sun kamu a yankin duka ba ta wuce kamar 28,600 ba, 11,300 kuma suka mutu. Waɗansu suka ce ai ga shi, na'ura ta yi ƙarya. Amma sun manta da sharaɗin: in ba a sauya kome ba. An kuwa sauya. Agaji ya shigo, an gina wuraren jinya, kuma mutane da kansu suka bar wanke gawa da taɓa ta kamar yadda suka gada, abin da ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Mai karatu zai tuna da Yunana, wanda ya ji haushi don Nineba ba ta hallaka ba. Gargaɗin da aka ji aka yi aiki da shi, kamar ƙarya yake zama daga baya.

A nan gida ma Ibola ta koya mana abu biyu. A Legas, Dokta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar matafiyin da ya shigo da cutar ran 20 ga Yuli 2014, duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Da wannan tsayin daka na mutum ɗaya, da kuma gwanintar da aka samu wajen yaƙi da shan inna, aka tsayar da cutar a kan mutum 20, takwas suka mutu. A cikin watan Agusta na shekarar kuma, dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasa ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye gidaje ba iyaka sun yi, aƙalla mutum biyu suka mutu, da dama aka kwantar a asibiti. Ba likitar nan ba, ba ruwan gishirin ba, ba wanda wani lissafi ya hango.

Cunkoso, inda na'ura ta fi gwaninta

Inda wannan fasaha ta fi nuna amfani shi ne wajen taron jama'a, gama a cikin matsi mutum ba ya bin ra'ayinsa, jikin na kusa da shi ne ke tura shi. Ran 12 ga Janairu 2006 mutum fiye da 340 suka mutu a turmutsitsi a wurin jifa a Mina, lokacin aikin Hajji. Wani masani Bajamushe, Dirk Helbing, da abokan aikinsa suka zauna da hotunan bidiyon ranar. Suka gane cewa kafin a fara faɗuwa akwai alamu. Da fari tafiya takan koma a tafi a tsaya, a tafi a tsaya. In matsin ya ƙaru sai taron ya shiga tangaɗi kamar ruwa a cikin ƙwarya, ana jefa mutum nan da can ba da sonsa ba. Tun kafin wannan, gwaje-gwajensa a kwamfuta sun nuna cewa in kowa ya yi sauri a bakin ƙofa ɗaya, fitar takan ragu, don jikuna suna cushe ƙofar. Da irin wannan sani aka sake tsarin wurin: hanyar shiga dabam, ta fita dabam, aka raba wa mahajjata lokaci, aka gina gada mai hawa hawa.

An yi shekaru ba a sake jin irin wannan a wurin ba. Amma ran 24 ga Satumba 2015 abin ya auku a wani wuri dabam, a kan titi cikin Mina inda ayari biyu suka haɗu. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769, ƙididdigar kamfanonin labarai daga ƙasashe ta haura 2,400. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi rashi mai yawa a ranar, ciki har da Hajiya Bilkisu Yusuf, fitacciyar 'yar jarida daga Kano. An gyara inda aka auna, masifa ta ɓullo ta inda ba a auna ba.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Ran 28 ga Mayu 2022 mutum 31 suka mutu a Fatakwal wajen rabon kayan kyauta da wata ikkilisiya ta shirya. Ran 18 ga Disamba 2024 yara 35 suka mutu a wani bikin yara a Ibadan. Bayan kwana uku, ran 21 ga wata, mutum 10 suka mutu a harabar majami'ar Holy Trinity da ke Maitama a Abuja wajen rabon abinci, a ranar kuma mutum 22 suka mutu a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafa. Kamannin duka ɗaya ne: an yi shela a fili, jama'a suka taru tun kafin asuba, ƙofa a rufe, aka buɗe ta a lokaci ɗaya. Yawancin masu mutuwa a irin wannan hali numfashi ne yake gagararsu saboda matsi a ƙirji, waɗansu ma a tsaye. Masu rabon da kyakkyawar niyya suka fito. Abin da masana suka sani shekara da shekaru ne bai iso gare su ba.

Ina mutane za su nufa?

Akwai kuma masu lissafin gudun hijira. A 2017 masana a Jami'ar Brunel ta Landan, Diana Suleimenova da Derek Groen da abokin aikinsu, suka gwada wata na'ura a kan rikicin Mali, da Burundi, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Suka sa mata hanyoyi, da garuruwan da ake faɗa, da sansanoni, da iyakokin da aka rufe. Bayan kwanaki 12 na fari, ta faɗi daidai inda fiye da kashi 75 cikin 100 na masu gudu suka sauka. Ga mai rabon tanti da abinci wannan babban taimako ne.

To, mu kawo abin gida. Gwarzo tana kan iyaka da Jihar Katsina, hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kabo da Gwarzo ita ce ke zarcewa Dayi da Malumfashi. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, mutane suka bar gidajensu. Shanono kuwa maƙwabciyarmu ce. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In na'ura za ta faɗi inda mutanenmu za su nufa a irin wannan rana, sai an gaya mata abin da kowane yaro a nan ya sani. Bahaushe ba ya fara neman sansani, gidan ɗan'uwa yake nema, ko inda 'yarsa take aure. Manomi yakan kai iyali gari ya kwana, da safe ya koma gona, don hatsi ba ya jiran zaman lafiya. Mai shanu ba zai bi kwalta ba. Tsoho yakan ce ba inda za shi. Da rani kuwa gidaje da yawa ba maza majiya ƙarfi, sun tafi cin rani, ya rage mata da yara da tsofaffi. Na'urar da ta ƙirga masu gudu ta hanyar rajistar sansani ba za ta ga waɗanda suka cika ɗakunan dangi ba, agaji kuma zai wuce su.

Haka zancen ruwa yake. Madatsar ruwa ta Challawa tana Karaye, kusa da mu, ga kuma ƙanana irin su Guzuguzu da Magaga a yankinmu. Ba muna cewa akwai abin da ya same su ba. Amma madatsar Bagauda ta ɓalle a Agusta na 1988, ta Alau kuma ta cika Maiduguri da ruwa ran 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994. Kowace shekara hukumomin tarayya suna fitar da hasashen damina da na ambaliya. Wannan lissafin ruwa ne. Wanda ya rage shi ne lissafin mutane: wa zai ji sanarwa da tsakar dare, wa zai gaskata, wa zai tsaya kwance akuya, wa zai ɗauki makaho. Wani lokaci ma mutane wajen hatsarin suke nufa. A Majiya ta Jihar Jigawa, ran 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka ruga da bokitai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka hallaka. Wanda bai sa talauci a cikin lissafinsa ba zai zaci kowa gudu zai yi.

Mu nawa ne?

Duk wannan ya komo kan tambaya ɗaya: an ƙirga mu? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda ta ba Gwarzo mutum fiye da 180,000, Kabo kuma fiye da 150,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jariran da aka ƙirga a goye a wancan lokaci yanzu waɗansunsu suna da nasu 'ya'yan. Mutuwa kuwa yawancinta ba a rubuta ta a ko'ina. Mun ga sakamakon wannan a 2020. A Ingila, lissafin da Farfesa Neil Ferguson da abokansa suka fitar ran 16 ga Maris, cewa korona za ta iya kashe mutum kamar 510,000 in ba a yi kome ba, ya taimaka wajen sa gwamnati ta rufe ƙasa cikin mako guda. Suna da alƙaluman asibiti da na mutuwa da za su ɗora lissafi a kai. A Kano, cikin Afrilu na shekarar, masu haƙa kabari ne suka fara faɗa cewa gawawwaki sun yi yawa. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye na iya kasancewa korona ce sanadi. An samo wannan ne ta bin maƙabartu da tambayar iyalai. Wannan a birni ke nan. Na ƙauye kuwa bai shiga wancan lissafi ba.

Abin da ke hannunmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu da kwamfutar da za ta gina Gwarzo a cikinta, amma abin da kwamfutar take bukata a wurinmu yake, kuma atisayen da take yi muna iya yin irinsa da ƙafafunmu.

Da fari, mu san kanmu. Kowace unguwa, tare da mai unguwa da liman da fasto, a san gidaje nawa ne, ina tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu suke, wace ruga ce ba ta cikin taswirar ma'aikatan lafiya. A yi wa jarirai rajistar haihuwa, a kai rahoton mutuwa. Wanda ba a rubuta ba, ba a sayo masa magani. Amma a yi hattara da wanda zai riƙe takardar, gama taswirar da ke nuna wa mai agaji hanya tana iya nuna wa mugu. In baƙo ya zo neman sunaye da lambobin waya, hakkinmu ne mu tambayi wanda ya aiko shi da abin da za a yi da su.

Na biyu, mu gwada. Wata Lahadi bayan sujada dattawa su ce a fita kamar da gaggawa, a duba agogo. Nan za a gane ƙofar gefe da aka sa wa kwaɗo, da ƙyauren da ke buɗewa ciki maimakon waje, da benci da ya tare hanya, da iyayen da za su juya su yi karo da masu fita don neman yara a ajin Lahadi. Makarantu da masu kula da kasuwa su ma su yi haka. In za a yi rabon hatsi ko tufafi, a bar shelar a zo a karɓa. A raba kati tun da wuri, kowace unguwa da sa'arta, hanyar shiga dabam da ta fita, marasa ƙarfi kuwa zumuntar mata da matasa su kai musu har gida.

Na uku, mu tsayar da muryar da za a gaskata tun kafin ranar jita-jita. A san wanda zai tabbatar da labari daga ma'aikacin lafiya ko hakimi kafin a yaɗa, a san inda za a taru in an watse, a kuma yi wannan shiri tare da maƙwabta, gama ruwa da cuta ba sa tambayar addinin mai gida.

Na huɗu, mu tambayi hukuma. Hukumar agajin gaggawa ta jiha da shugabannin ƙananan hukumominmu su gaya mana ko akwai shirin kwashe jama'a, da lokacin da aka taɓa gwada shi. Jami'o'in jihar nan suna da ɗalibai masu karatun kwamfuta da lissafi, ciki har da 'ya'yan yankinmu. Su ne suka fi dacewa su rubuta ƙa'idodin halinmu, don sun san ranar kasuwa, sun san cin rani, sun san abin da ya sa uwa take jin tsoro. In kuma masana suka zo daga nesa da na'urarsu, mu karɓe su, mu gaya musu gaskiya, sa'an nan mu nemi su komo su nuna mana abin da ta faɗa, domin mu gyara inda ta kuskure mu.

Na'urar nan ta taimaki Kano a kan shan inna, ta ceci rayuka a wuraren taro, za ta kuma ƙara gwaninta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka yi shiru, za a yi shirin ceton waɗansu mutane da ke cikin kwamfuta masu kama da mu, ranar da abu ya faru kuwa mu ne za mu kasance a bakin ƙofa. Allah ya kiyaye mu, ya ba shugabanninmu kunnen ji.